'Yar Kibiya a Gindin Tambari

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ya san yanke. Muna yara, in an aike mu Kasuwar Kurmi daga Yakasai, ba ma bin titi. Lungu muke faɗawa, mu ratsa ta bayan masallacin unguwa, mu tsallake kwata, mu bi ta gefen soron da tsofaffi ke zama, sai ga mu a bakin kasuwa tun mai bin titi bai kai rabi ba. Babu wanda ya taɓa zana mana taswira. Yayanka ne zai kama hannunka rana ɗaya ya bi da kai, daga ranar hanya ta zama taka. Baƙo kuwa, ko da motarsa, sai ya zagaya. Da ɗan gari akan ci gari.

A shekarar 2004 na tsinci kaina baƙo a wani gari da ban san lungunsa ko ɗaya ba. Na gama sakandare ina jiran sakamako, sai yayana ya ce zaman kashe wando ba zai yi ba, ya biya min kuɗin koyon kwamfuta na wata uku a wani shago da ke saman bene. Kwamfuta shida ce a ɗakin, mu kuwa mun kusa ashirin, don haka uku-uku muke zama: ɗaya na riƙe da linzami, biyu na leƙe ta kafaɗarsa suna jiran layi. Monitocin irin masu ƙatuwar ƙeyar nan ne, farare a da, ƙurar Kano ta mayar da su ruwan ƙasa. Da yamma malaminmu kan lulluɓe su da zannuwa kamar masu barci. Idan NEPA ta ɗauke wuta, ɗakin gaba ɗaya kan ɗauki salati, yaron shago ya sauka da gudu ya ja janareta.

Windows XP ce a kan dukkansu. A watan Oktoban 2001 ta fito, amma a wurinmu sabuwa ce fil. Kana kunnawa za ka ji ɗan kiɗan nan nata, sai allo ya buɗe a kan wani tudu kore shar, sama shuɗiya, gajimare fari jefi-jefi. Mun sha musu a kan ko zane ne ko hoto. Sai bayan shekaru na san cewa hoto ne na gaske, wani mai ɗaukar hoto, Charles O'Rear, ya ɗauke shi a yankin Sonoma na jihar Kaliforniya a Amurka. Mu da muke cikin hunturu, leɓe a fashe, hazo ya rufe gari, koren tudun nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya so zama gaban kwamfuta.

Wannan fili shi Malam yake kira destof, wani lokaci kuma ya ce fuskar kwamfuta. Babu komai a kansa sai kwandon shara a kusurwa. Da gangan ya share shi. Ra'ayinsa shi ne kowa ya fara sanin doguwar hanya tukuna. In kana son buɗe Microsoft Word, sai ka kai linzami kusurwar hagu ta ƙasa, ka danna koren maɓallin nan na Start, ka hau jerin dukkan manhajoji, wani jeri ya buɗe a gefe, ka nemi gidan Microsoft Office, wani jerin ya sake buɗewa, sannan ka danna Word. Duk da Turanci, kuma rabin kalmomin ba mu taɓa cin karo da su a makaranta ba.

A faɗe kamar da sauƙi. Amma linzamin lokacin mai ƙwallo ne a ciki. Ƙura da gumi kan taru su daskare a kan 'yan sandunan da ƙwallon ke murzawa, sai kibiyar allo ta riƙa cijewa tana tsalle. Ka hau jeri na biyu, kana lallaɓawa zuwa na uku, hannu ya ɗan goce, duk jerin ya rufe, a koma farko. Mutum biyu na bayanka suna ƙirga maka mintuna. Mun koyi juya linzami, mu murɗe murfinsa, mu ciro ƙwallon, mu kankare dattin da farce, mu hura, mu mayar. Wannan ma darasi ne, ko da yake ba ya cikin takardar shaidar da aka ba mu.

Mako uku muka yi a kan doguwar hanya. Wata Laraba da la'asar, jerin ya rufe min har sau uku a jere, na saki linzamin na jingina. Ashe Malam na tsaye a bayana.

"Ka gaji da zagaye ko?"

"Malam, hannuna ne ke gocewa."

"To matsa min. Yau zan nuna maka yanke."

Ya ja kujera ya zauna. Ya bi hanyar nan da muka saba har ya kai kan Word, amma bai danna ɓangaren hagu na linzami ba, sai ya danna na dama. Wani ɗan jeri ya fito wanda ban taɓa gani ba. Ya hau umarnin da ke nufin "aika zuwa", ya zaɓi fuskar kwamfuta. Ya rufe komai. Sai ga shi a kan koren tudun nan: shuɗin tambarin Word, shi kaɗai, da wata 'yar kibiya mai lanƙwasa cikin farin akwati a gindinsa ta hagu.

"Danna shi sau biyu, da sauri."

Na danna. Farar takarda ta buɗe. Babu jeri, babu zagaye.

"Sunansa shotkot," in ji Malam. "Da Hausa yanke ke nan. Amma ka dubi kibiyar nan da kyau, kada ka manta da ita. Ita ce ke gaya maka wannan ba Word ba ne. Hanya ce zuwa Word."

Na ce to. Na ji maganar da kunne, amma zuciyata na can wurin murna. Abin da ya cika min rai a ranar shi ne wannan ne karo na farko da na ga an canza wani abu a jikin kwamfuta saboda ni. Kafin nan ina zama gabanta ne kamar wanda ya je ofishin gwamnati: kada ka taɓa, kada ka matsar, jira a kira ka. Ranar na gane ashe ana iya gyara mata zama, kamar yadda mai shago ke jawo kayan da aka fi saya kusa da hannunsa. Na sauko daga benen nan ina jin na fara zama ɗan gari.

Kibiyar da aka ce kada in manta da ita kuwa, ba a yi kwana goma ba ta koya min darasinta da kanta. Yayana na neman aiki, ya ba ni takardar neman aikin da bayanan karatunsa in buga masa. Kwana biyu na yi ina tsintar haruffa da yatsa biyu. Na adana fayil ɗin a cikin folda, na kuma yi masa yanke a destof don in riƙa samunsa da wuri. Firintar shagon ta lalace a makon, don haka na sayi fulofi, faifan nan mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar megabait 1.44, na jawo abin da ke kan destof na jefa a ciki. Na hau acaɓa zuwa wani shagon buga takardu da ke nesa da mu, yayana na jira a gida, washegari za a rufe karɓa.

Mai shagon ya sa faifan, ya danna. Maimakon takarda, sai wani ɗan akwati ya fito da hoton tocila tana haske dama da hagu, alamar kwamfuta na neman abu. Ta nema, ta nema, ta ce ba ta gani ba. Mutumin ya dube ni ya ce, "Ɗan samari, babu komai a faifan nan." Gabana ya faɗi. Na ɗauka aikin kwana biyu ya salwanta, da damar yayana tare da shi.

Na koma na tarar Malam na shirin rufe shago. Bai yi min faɗa ba. Ya cire zanin da ya lulluɓe kwamfutar, ya kunna, ya buɗe folda. Ga takardar nan lafiya lau. Sai ya nuna min nauyin abubuwan biyu gefe da gefe: takardar ta haura kilobait ashirin, abin da na kai kuwa kilobait ɗaya.

"Ka gani? Kwatance ka kai musu, ka bar saƙon a gida. Kwatancen cewa yake yi, a shiga ɗaki kaza, a buɗe akwati kaza. To a can shagon babu ɗakin, balle akwatin."

Ya kwafa min ainihin fayil ɗin, ya kuma ce in duba da idona ko akwai kibiya a gindinsa. Babu. A daren aka buga takardar, da safe yayana ya kai.

Daga baya, da na shiga sana'ar sosai, na fahimci abin da ke ƙarƙashin maganar Malam. Yanke ɗan ƙaramin fayil ne mai zaman kansa, ƙarshen sunansa .lnk, sai dai Windows na ɓoye wannan wutsiya. Abin da ke cikinsa adireshi ne: faifai kaza, folda kaza, fayil kaza, da tambarin da za a nuna. In ka danna dama a kansa ka buɗe bayanansa, za ka ga adireshin a rubuce, kana iya canza masa hoto, kana ma iya ɗaura masa haɗin maɓallai yadda zai buɗe ba tare da linzami ba. Da Windows 95 ya zo, a watan Agustan 1995, tare da maɓallin Start ɗin kansa. Kamfanin Apple ya riga Microsoft da irin wannan dabara tun 1991 a kwamfutocin Macintosh. Amma duk wannan bayani bai zauna min kamar hoton tocilar nan da ke neman abin da ba ya nan ba.

Darasin yana da ɗaya fuskar, mai sanyaya rai. Wata 'yar ajinmu ta goge tambarin Word daga destof bisa kuskure, ta fashe da kuka, a zatonta ta hallaka manhajar da kuɗinta ya fi ƙarfin gidansu. Malam ya tsayar da darasi. Ya sa kowannenmu ya goge yanken da hannunsa, ya bi doguwar hanya ya tarar Word na nan daram, sannan ya sake yin sabo. Sau uku-uku muka yi. Ya ce, "Wanda ya tumɓuke allon da ke nuna hanyar Zariya bai rushe Zariya ba." A nan na gane dalilin makonni ukun da ya sa muka yi muna zagaye. Wanda yanke kaɗai ya sani, ranar da aka toshe lungun ya ɓata. Tsoron kwamfuta ya fita daga ɗakin nan a ranar, kuma na yi imani rabin ilimin da muka biya kuɗi dominsa ke nan.

Da na gama, wani mai shagon buga takardu ya ɗauke ni aiki. A nan na fara samun kwamfutar da ni kaɗai ke zama a kanta daga safe zuwa magariba, na kuwa jera fuskarta yadda tela ke jera almakashi da zare da alli. A hagu manhajojin aiki: Word na takardu da kundin ɗalibai, CorelDRAW na katin aure da kalandar biki, PageMaker na littattafai. A dama foldojin masu kawo aiki. Tsakiya na bar ta fili don in riƙa ganin tudun. Lokacin kasuwar littattafan Hausa na ci a Kano, marubuta mata da maza kan kawo labaransu a rubuce cikin littafin makaranta mai layi, mu buga. Babbar wahalarmu haruffa masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a allon madannai. Salon rubutun kwamfuta masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙira, sun share wa masu buga Hausa hawaye. Idan kuma babu su a kwamfuta, akwai wata 'yar manhaja a cikin Windows mai suna Character Map, inda ake tsinto harafi a kwafa. An binne ta can ƙasa, sai ka ratsa jeri huɗu kafin ka same ta. Ita ce ta fi kowacce cancantar yanke a wurina, kuma ita ce ta kai ni ga abin da ya sa nake wannan rubutu.

Kawuna tsohon hedimasta ne, ya koyar da Hausa da lissafi sama da shekara talatin. Bayan ya yi ritaya ya ƙuduri niyyar rubuta tarihin gidanmu, daga kakan kakanmu har zuwa jikoki, da karin maganganun da ya ji a bakin mahaifiyarsa. A 2007 babban ɗansa ya saya masa kwamfuta ta hannu, irin wadda ake kawowa daga Turai, aka ajiye ta a ɗakinsa na soro. Wata biyu tana lulluɓe da darduma. Da na je gaishe shi na tambaya, sai ya ce, "Ɗana, na kunna ta sau ɗaya. Ta yi min magana da yawa, kuma duk ba da harshena ba."

Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya. Fuskar kwamfutar cike take da tarkacen mai ita na farko, tambari sun fi arba'in. Na duba gindin kowanne, mai kibiya na goge shi ba tare da fargaba ba, marar kibiya na kwashe na adana a wata folda. Na kashe ɗan mai sharar nan na Windows XP da ke leƙowa duk bayan kwana 60 yana tambaya ko a kwashe yanken da ba a amfani da su, don kada ya rikita shi. Na ƙara girman tambari da rubutu saboda idonsa. Sannan na yi yanke uku: na Word, na Character Map, da na foldar da zai riƙa adana aikinsa. Na zaɓar masa salon rubutun Lucida Sans Unicode, wanda ke da haruffanmu masu lanƙwasa.

Sai wani tunani ya zo min wanda ban taɓa yi wa kaina ba. Tunda yanke ba shi ne manhajar ba, ai sunansa ma ba dole ne ya zama nata ba. Na danna F2 a kan na farko, na goge Turancin, na rubuta "Rubutu". Na biyu na sa masa "Haruffa". Na uku "Takarduna".

Kawu ya gyara tabarau, ya matso da fuska kusa da allo. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya a bayyane, yadda yake karanta sunayen 'yan aji. Ya juyo ya dube ni.

"Ashe tana jin Hausa?"

"Kawu, waɗannan ukun dai sun ji. Ku danna na farkon sau biyu."

Danna sau biyu da sauri ya ba shi wuya, domin hannunsa ya saba da alli, ba da wannan ba. Sai na nuna masa ya danna sau ɗaya, sannan ya buga babban maɓallin shigarwa. Farar takarda ta buɗe. Ya yi bismillah, ya nemi harafi na farko da yatsa ɗaya. Na bar shi a nan. Daga baya Microsoft ta fitar da fassarar Hausa ta Windows, abin a yaba, amma a ɗakin soron nan, Hausar farko da kwamfuta ta nuna kalmomi uku ne, kuma sun ishi dattijo ya fara littafi.

Ni kaina na sake zama baƙo a 2008. Wani abokina ya gaya min akwai babbar manhaja mai suna Ubuntu, kyauta, kuma kamfanin da ke yin ta, Canonical, na ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth, yana aiko da faifanta ta gidan waya ba ko sisi, a ƙarƙashin wani shiri da suka kira ShipIt. Na cike fom a kafe na intanet, na manta. Bayan makonni sai ga ambulan daga ƙasar waje da sunana. Ubuntu 8.04 ce, wadda ta fito a watan Afrilun shekarar. Na sa ta a tsohuwar kwamfutata ta gida. Ta gaishe ni da ɗan kiɗan ganga, allo ya buɗe ruwan ƙasa da ruwan goro, da hoton zalɓe. Babu Start. Babu ko kwandon shara a filin, an mayar da shi can kan sandar ƙasa. Jerin manhajoji yana sama ta hagu, Word babu shi, sai OpenOffice. Shekara huɗu ina aiki da kwamfuta, ga ni zaune hannuna bai san inda zai nufa ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da Malam ya yi a ranar Larabar nan. Na buɗe jerin, na kai kan manhajar rubutu, na danna dama. Ga umarnin nan kuwa, na a ajiye ta a fuskar kwamfuta. Na yi wa Firefox haka, na yi wa foldar aikina. Da tambari uku suka zauna a gefen zalɓen nan, sai na ji numfashina ya daidaita, kamar matafiyin da ya sauka a baƙon gari ya fara gano masallaci da mai shayi da tasha.

Ubuntu ta ƙara min wani abu. Yankenta na manhaja fayil ne na rubutu zalla, mai wutsiyar .desktop. Na buɗe shi na karanta da idona: layi ɗaya suna, layi ɗaya umarnin da za a zartar, layi ɗaya tambari. Har akwai tanadin a rubuta sunan da harsuna daban-daban, kowanne da lambarsa, ta Hausa ita ce ha. Kwatancen da Malam ya siffanta min da baki, ga shi a shimfiɗe layi-layi. An rufe shirin aiko da faifan a 2011, amma ambulan ɗin na nan a cikin akwatina.

A shekarun da filash ta kori fulofi, wata annoba ta shigo shagunan buga takardu da kafe-kafe, wadda kowa ke kira bairos ɗin shotkot. Ɗalibi zai zo da kundin digirinsa a filash, a sa a kwamfuta, sai a ga duk foldojinsa sun koma masu kibiya, kowacce kilobait ɗaya ko biyu. Na ga manya sun dafe kai, na ga 'yan mata sun zauna a ƙasa. Dabarar cutar ita ce ta ɓoye ainihin fayilolin, ta ajiye yanke na ƙarya masu sunansu, kana dannawa ta ƙara yaɗuwa. Nakan ce wa mai filash, "Kwantar da hankalinka, kada ka danna komai. Dubi nauyin filash ɗin, ai a cike take. Kayanka na nan." Sai in kai ta kwamfutar Ubuntu, wadda ba ruwanta da ɓoyon da aka yi wa Windows, ga kundi nan ya bayyana. Duk lokacin da na ga fuskar mutum ta washe a irin wannan hali, nakan tuna daren da Malam ya cire zani daga kan kwamfuta saboda ni.

Yau abin ya koma cikin aljihu. 'Yata da ke firamare takan danne tambari a waya, ta ja shi inda take so, ta haɗa wasanninta wuri guda, ba wanda ya koya mata. Ina jin daɗin ganin haka. Amma har yanzu dattawa na kawo min waya hankali a tashe, wai WhatsApp ya ɓace da duk saƙonnin jikoki, alhali tambarin ne kawai ya goce daga fuskar wayar. Nakan shiga jerin manhajoji in jawo shi in mayar, sannan in nuna musu doguwar hanyar, in sa su bi da kansu sau biyu. Sababbin shiga ba sa ƙarewa. Kullum akwai wanda yau ne ya fara zama gaban allo, kuma abin da yake buƙata ba lacca ba ce. Wani ne zai ja kujera kusa da shi, ya tambaye shi abubuwa ukun da yake son yi, ya kawo masa su kusa da hannu.

Kawu bai taɓa barin Windows XP ba. Ko da Microsoft ta daina kula da ita a watan Afrilun 2014, 'ya'yansa suka so canza masa, ya ce a bar masa garinsa, ya san lungunansa. Ba ta taɓa shiga intanet ba, don haka muka ƙyale shi. Bayan Allah ya yi masa rasuwa, da aka share makoki, babban ɗansa ya kira ni in kwashe rubutun kafin kwamfutar ta mutu. Na shiga soron, na ɗaga dardumar, na kunna. Kiɗan nan ya tashi, koren tudun ya buɗe. Ga Rubutu, ga Haruffa, ga Takarduna, a inda na ajiye su tun 2007. Na danna Takarduna, yanken ya kai ni kai tsaye: tarihin gida cikakke, da karin magana shafi-shafi, kowace ƙ da ɗ da ɓ da lanƙwasarta, ɗaya bayan ɗaya ya tsinto su.

Amma tambarin ba uku ba ne. Akwai na huɗu a ƙasansu, ya ɗan karkace daga layi, da 'yar kibiyarsa a gindi. Ban yi shi ba, na tambayi 'ya'yansa, babu wanda ya yi. Ashe a ranar nan da nake aiki yana zaune a gefe yana kallon hannuna, kallon malamin da ya san yadda ake koyo. Wata rana shi kaɗai ya danna dama, ya aika, ya goge Turancin, ya sa suna. Foldar hotuna ce, na suna da na sallah da na saukar Alƙur'ani. Ya rubuta mata "Jikoki".

Allah ya jiƙan Kawu da rahama. Malam kuma, duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri.